Kogin Kwara daga Yamai zuwa Lakwaja: wuta, ambaliya da jiragen da ba sa zuwa Baro

Bakabe:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya biyu nake son masana su warware mana, don a ganina jijiyarsu ɗaya. Ta farko: muna da madatsun wutar lantarki, Kainji mai megawat 760, Jabba mai 578, Shiroro mai 600, ga Zungeru mai 700, jimla sama da 2,600, amma da an shiga watan Maris sai a fara cewa ruwa ya ja baya, wuta ta ragu. Ta biyu: an fara yashe kogin daga Warri zuwa Baro tun 2009, an buɗe tashar jiragen ruwa ta Baro a 2019, amma har yau siminti da taki a bayan tirela suke hawowa Arewa. Ina ruwan yake tafiya?

Malamin Labarin Ƙasa:
Wa alaikumus salam Malam Bakabe. Kafin a taɓa maganar inji ko jirgi sai an san kalandar kogin, domin ita ke juya komai.

Kwara na tasowa ne daga tsaunukan Gini, wajen kilomita 240 kacal daga teku, amma sai ya juya wa tekun baya ya nufi Sahara. Ya ratsa Bamako, Segu, Mopti, ya kai kusa da Tumbuktu, sannan ya karyo kudu maso gabas ta Gawo, Yamai da Gaya, ya shigo mana ta ƙasar Kabi. Tsawonsa duka wajen kilomita 4,180. Tsakanin Segu da Tumbuktu akwai wata ƙatuwar fadama inda ruwan ke bazuwa cikin tafkuna da ciyawar burgu. A nan rana ke shanye wajen kashi 40 cikin 100 na ruwan, abin da ya saura kuma ya yi jinkirin watanni kafin ya fita.

Saboda wannan jinkirin ne muke samun cikowa biyu a shekara. Farin ruwa yana zuwa daga Agusta zuwa Oktoba, ruwan daminarmu ne da na gulbin Sakkwato da Rima da ƙananan kogunan da ke gangarowa daga Burkina Faso da Benin. Yana zuwa da ƙarfi, cike da laka, ya wuce da sauri. Baƙin ruwa kuwa ruwan saman da aka yi a Gini ne tun Yuli da Agusta. Yana kai ganiyarsa a Bamako cikin Satumba, a Mopti wajen Nuwamba, a Yamai ƙarshen Janairu, sannan ya iso Yawuri tsakiyar hunturu, garau, don ya baro lakarsa a fadamar Mali. Daga Maris zuwa Yuni babu ko ɗaya daga cikin biyun. Wannan gibin shi ne tambayarka ta farko.

Ɗan Yamai:
Malam ya yi daidai. Mu a nan na farkon jan ruwa muke ce masa, saboda jar ƙasar da Sirba da Dargol da Goruwal ke kwasowa. Shi ne ya cinye unguwannin bakin kogi a Yamai a Satumban 2020. Na Gini bai cika ɓarna ba, a hankali yake hawa.

Injiniyan Lantarki:
Bari in ɗora da lissafi, don mutane na ɗaukar lambar da ke jikin allo a matsayin abin da tasha ke bayarwa kullum. Wutar da ake samu daga ruwa abu uku ne aka ninka: yawan ruwan da ke bi ta cikin inji a kowace daƙiƙa, tsayin faɗuwarsa, da ingancin injin. A ninka kubik mita da mitocin faɗuwa, a ninka da 9.81, a ninka da kamar 0.9, abin da ya fito kilowat ne.

A Kainji, in tafki ya cika, ruwan na faɗuwa wajen mita 38 zuwa 40. Ke nan kowace kubik mita 100 a daƙiƙa tana ba da megawat 33 da ɗoriya. Kafin a samu 760 sai an zuba kusan kubik mita 2,300 a kowace daƙiƙa. Tafkin na ɗaukar kubik mita biliyan 15, amma wanda za a iya ja a yi aiki da shi wajen biliyan 12 ne, sauran yana ƙasa da bakin bututu. A raba biliyan 12 da 2,300, za a ga wata biyu ne kacal idan babu sabon ruwa mai shigowa. Rani kuwa daga ƙarewar baƙin ruwa zuwa sabon farin ruwa ya kai wata huɗu zuwa biyar. Dole a yi tsimi.

Ga kuma abin da ke ƙara tsananta lamarin. Tafkin na sauka da kamar mita 10 kafin damina. Da faɗuwa ta koma mita 29 daga 39, wutar da ruwa iri ɗaya ke bayarwa sai ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Wato a watan Mayu da Yuni ruwan ya yi kaɗan, wanda ya rage ɗin ma ƙarfinsa ya ragu, a daidai lokacin da zafi ya sa kowa ke neman fanka.

Jabba tana wajen kilomita 100 ƙasa da Kainji, an buɗe ta a 1985, injuna shida kowanne megawat 96.4. Tafkinta ƙarami ne, faɗuwarta ba ta kai mita 30 ba, don haka abin da Kainji ta sako take ci, sai ɗan ƙarin da Oli da Kontagora da Moshi ke kawowa da damina. Idan Kainji ta ɗaure, Jabba ta ji a jikinta cikin kwanaki.

Bakabe:
To Injiniya, Shiroro da Zungeru fa? Ai ba a kan Kwara suke ba.

Injiniyan Lantarki:
A kan kogin Kaduna suke, ranka ya daɗe, kuma nasu ya fi tsanani ta wata fuska. Kaduna ba ta da baƙin ruwa, cikowa ɗaya take yi a shekara. Shiroro, da aka buɗe a 1990, injuna huɗu ne masu megawat 150, ruwan na faɗuwa kusan mita 100, saboda haka kubik mita 175 a daƙiƙa ta ishi inji ɗaya, alhali injin Jabba sai ya sha kusan 390. Amma abin da ta tara zuwa Oktoba da shi za ta yi ta lallaɓawa har Yuni. Shi ya sa da rani aka fi tayar da ita da yamma zuwa dare, lokacin da buƙata ta kai ƙololuwa. Zungeru na ƙasa da ita, injuna huɗu masu 175, tana sake cin ruwan da Shiroro ta saki, kuma tafkinta babba ne, wajen kubik mita biliyan 10.

Kada kuma a ɗora wa ruwa laifin da ba nasa ba. An gina Kainji tsakanin 1964 da 1968 da gurbin injuna 12, takwas aka saka, wasu daga cikinsu kuma sun yi shekaru a kwance. Abubuwan da ke kwantar da inji sanannu ne. Ciyawa da itace su toshe ragar ƙarfen bakin bututu, ruwan da ke shiga ya ragu. Kumfar da ke fashewa a bayan farfela ta riƙa cin ƙarfe har ya yi ramuka, sai an tsayar an yi walda an goge. Bututun sanyaya mai ya cushe da laka, boris ya yi zafi, inji ya kashe kansa. Tiransifoma ta ƙone. Wani lokaci kuma inji lafiya lau, ruwa na nan, amma babban layin wuta mai kilobolt 330 ba zai iya ɗauka ba ko kamfanonin rarrabawa sun ƙi karɓa, sai cibiyar kula da babban layi da ke Oshogbo ta ce a rage. Da damina akan zubar da ruwa ta ƙofofi saboda wannan dalilin, ruwan da za a yi kukan rashinsa a watan Afrilu.

Hajiya Mai Aikin Gona:
Injiniya, sannu da ƙoƙari, amma maganar ƙofofin nan kada a wuce ta da sauri. Manoman shinkafa na Makwa, Lavun, Edati, Lafiyagi, Patigi da Katcha ba megawat suke lissafi ba. Shinkafar fadama da ta fara fitar da kai a Satumba, in ruwa ya rufe ta kwana huɗu ko biyar, ta tafi. Kuma ba yawan ruwan kaɗai ke kashewa ba, saurin hawansa ne. Kafin madatsun, manomi ya san ruwa zai hau a hankali, yana da irin shinkafar da ke bin ruwa tana tsawo. Yanzu sai a riƙe ruwa har tafki ya kusa cika, a saki a dare ɗaya.

Injiniyan Lantarki:
Hajiya, gaskiyarki, kuma ga inda matsalar take. Mai kula da tafki yana tsakanin buƙatu biyu masu karo da juna. Wuta na son ya cika tafki da wuri ya riƙe. Kare ambaliya na son ya bar wuri a Agusta da Satumba. In ya bar wuri damina ta yanke da wuri, ya shiga rani da rabin tafki. In ya cika da wuri aka ƙara ruwa a ƙarshen Satumba, ba shi da zaɓi, dole ya buɗe, don ruwa in ya haura bangon ƙasa da duwatsu ya fara zaizaye shi, abin da zai biyo baya ya fi kowace ambaliya. Da Kainji ta buɗe, Jabba dole ta buɗe. In ya zo daidai da sakin Shiroro da Zungeru, duka biyun za su haɗu a Muregi, daura da Patigi, inda Kaduna ke faɗawa Kwara. Yanzu da kamfani ɗaya, Mainstream, ke riƙe da Kainji da Jabba tun 2013, kuma reshensa ya karɓi Zungeru, ya kamata jera sakin ya fi sauƙi. Shiroro ce ke hannun wani kamfanin.

Kainji tana da wata dama da ba kowace madatsa ke da ita ba: baƙin ruwa na nan tafe a Disamba. Tana iya ƙin cikawa da farin ruwa ta jira na bayan ya ƙarasa mata. Amma wannan sai da alƙaluma na yau da kullum daga ma'aunan Kulikoro, Mopti, Yamai da Jidere Bode.

Hajiya Mai Aikin Gona:
To a riƙa faɗa wa mutane da harshen da suke ji, da awannin da suka rage, da inda ruwa zai kai. Sanarwar "a tashi daga bakin kogi" a jarida ba ta ceton gona. Hukumar raya yankunan madatsun wutar lantarki, HYPPADEC, da ke Minna don waɗannan garuruwan aka kafa ta, wannan aikin ya kamata ya zama na farko a wurinta.

Ɗan Yamai:
Tunda an ambaci alƙaluman sama, bari in sa baki kan madatsar Kandaji, don ina ganin 'yan'uwa a Najeriya na tsoronta fiye da kima. Tana kusa da Ayoru a jihar Tilaberi, wajen kilomita 180 sama da Yamai. An aza tubalinta a 2008, aikin ya yi ta tsayawa. Megawat 130 ce, tafkinta wajen kubik mita biliyan ɗaya da rabi, kashi ɗaya cikin goma na Kainji. Babban dalilinta shi ne a tabbatar kubik mita 120 a daƙiƙa na wucewa ta Yamai ko da tsakiyar rani, domin a Yunin 1985 kogin ya tsaya cak a Yamai. Ruwan da za ta saki a Mayu da Yuni ai Kainji zai gangaro.

Malamin Labarin Ƙasa:
Haka ne, Malam, amma a faɗi ɗaya gefen. Ruwan da ya bi ta inji yana dawowa kogi, wanda ya shiga gona ba ya dawowa. An tsara Kandaji ta shayar da hekta 45,000. In aka ƙaddara kowace hekta ta shinkafa mai noma biyu tana shan kubik mita 15,000 zuwa 20,000 a shekara, ana maganar miliyan 700 zuwa 900, ban da abin da rana za ta sha a saman tafki. Ita kaɗai ba za ta durƙusar da Kainji ba. Amma a haɗa da sauran madatsun sama, Markala da ke karkatar da ruwa zuwa gonakin Mali tun 1947, da Selinge, da Fomi da Gini ke son ginawa, da Tawusa kusa da Gawo, duk daga baƙin ruwa za a yanka. Don irin wannan aka kafa Hukumar Kogin Kwara mai ƙasashe tara da hedikwata a Yamai. Layin wutar Birnin Kabi zuwa Yamai ma, tun shekarun 1970, wani ɓangare ne na wannan zaman tare. Yanke shi da aka yi a Agustan 2023 ya ƙara wa masu cewa kowa ya gina tasa ƙarfin hujja, kuma mu da ke ƙasan kogi mu ne za mu fi jin haka.

Mai Safiyon Ruwa:
Ku ba ni dama in shiga tambaya ta biyu. Tarihi tukuna a taƙaice: Baro ba sabuwar dabara ba ce. Turawa sun zaɓe ta ne saboda nan ne jirgin ruwa ke iya kaiwa mafi yawan shekara, suka ja dogo daga nan a 1907 ya isa Kano a 1911. Da aka gama gadar Jabba, dogon Ikko ya ƙwace kayan, Baro ta kwanta.

Aikin da Marigayi Umaru 'Yar'aduwa ya ƙaddamar a Lakwaja a 2009 kilomita 572 ne, da nufin samar da hanya mai zurfin mita biyu da rabi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yashe kogi irin wannan ba gini ba ne da za a gama a miƙa makulli. Gindin Kwara daga Baro zuwa Anacha rairayi ne mai tafiya. Kowace cikowa tana ɗebe tudu daga nan ta aje can. Inda kogi ya yi lanƙwasa, ruwa na haƙa gefen waje ya yi zurfi da kansa. Matsalar tana wurin da hanya ke tsallakawa daga wannan lanƙwasa zuwa waccan, nan rairayi ke taruwa, kuma ramin da aka haƙa a irin wurin damina ɗaya ko biyu ta isa ta mayar da shi.

Aikin da ake bukata kowace shekara ga shi. Da ruwa ya fara sauka a Nuwamba, a bi hanyar da na'urar auna zurfi a fitar da sabuwar taswira. A ware mashigan da suka gaza mita biyu da rabi, a tura injin tsotsar yashi can kaɗai, ba duk kogin ba. A zubar da yashin nesa, bayan gaɓa ko ƙasan tsibiri, don in aka tara shi a bakin hanya ruwan farko zai dawo da shi. A matsar da alamun ja da kore zuwa sabuwar hanya. A wuraren da suka fi taurin kai a gina katangun duwatsu daga gaɓa zuwa cikin ruwa, su matse kogin ya riƙa share kansa. Sannan NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa da ke Lakwaja, ta riƙa sanar da zurfin kowane mashigi duk mako, don mai kaya ya san nawa zai loda.

Wannan na ƙarshen shi ne kuɗin. Kwandon ƙarfe mai tsawon mita 60 da faɗin 10, kowace santimita 10 da ya nutse kusan tan 60 ce, tirela biyu ke nan. In ya samu ruwan da zai nutse mita ɗaya da rabi da kaya, ya ɗauki tan 800 da wani abu. In mashigi ɗaya tak a hanyar ya rage masa rabin mita, tan 300 ta tafi, ribar tafiyar ta tafi da ita. Mashigi mafi ƙarancin ruwa shi ke yanke wa duk kilomita 572 hukunci.

Bakabe:
Ke nan madatsun ne suka hana jiragen ruwa?

Mai Safiyon Ruwa:
A'a Malam, ƙasa da Jabba ma taimako suke yi. Ruwan da suka tara da damina suna sakinsa da rani ta injuna, don haka Baro na samun ruwa a Afrilu fiye da yadda take samu kafin 1968. Illarsu biyu ce. In aka tayar da injuna da yamma aka rage da safe, ruwa na hawa yana sauka, jirgin da aka loda bisa ma'aunin dare ya wayi gari a kan yashi. Na biyu, tafki na riƙe laka, ruwan da ya fito garau sai ya ci gaɓa ya kwashi sabon yashi ya kai gaba. Daga Lakwaja kuma Binuwai ce ke kawo mafi yawan rairayin, ita kuwa ba ta da babbar madatsa a cikin Najeriya.

Abin da ya kashe Baro a tudu yake. Tasha ba ta aiki sai da hanyar fita. Titin Agaie zuwa Katcha zuwa Baro ya daɗe ba a kammala ba, reshen dogon Minna ya mutu. Kuma jirgi na son kaya zuwa da dawowa: ya hawo da taki ko siminti, ya gangara da riɗi, waken suya, citta ko kaɗanya. In zai koma wayam, tirela ta fi shi araha.

Malamin Labarin Ƙasa:
Ƙarin bayani kan Binuwai, tunda kowace ambaliya madatsar Lagdo ake zagi. Lagdo na sama da Garwa a Kamaru, an gama ta a 1982, megawat 72. Sakinta na cutar da Adamawa ƙwarai, amma Faro, Gongola, Taraba, Donga da Katsina Ala duk ƙasa da ita suke shigowa. Abin da ya rufe Lakwaja a 2012 da 2022 haɗuwar cikar Binuwai ce da farin ruwan Kwara a mako guda. Madatsar Dasin Hausa da aka daɗe ana maganar ginawa za ta rage, ba za ta hana ba.

Ɗan Yawuri:
Malamai, kun yi maganar manyan jiragen da ba su zo ba, ga kuma waɗanda ke kan ruwa kullum suna kashe mutane. Tafkin Kainji ya kai kilomita 135 a tsawo. Ya haɗiye tsohuwar Busa da duwatsun da suka halaka Mungo Park a 1806, aka tashi mutane wajen 44,000. An yi wa madatsar ɗakin ɗaga jirgi, Jabba ma haka, don kaya su taso daga teku har Yawuri, amma an daɗe ba a ga jirgin kaya ya bi ta ciki ba. Sufurin da ke akwai na kwale-kwalen katako ne mai injin baya, ranar kasuwar Yawuri, Wara, Malale da Shagunu.

Ba a sare dukkan itatuwan da tafkin ya rufe ba. Da ruwa ya sauka mita shida ko bakwai, kututturan na tsayawa ɗan taƙi ƙasa da fuskar ruwa, ba a ganinsu. Jirgin da aka yi wa lodin buhuna da babura da mutane har bakinsa ya rage tafin hannu ɗaya daga ruwa, in ya daki kututture katakon gindi ke tsagewa, in kuma iskar farkon damina ta taso a faɗin tafkin igiya biyu ta isa. Haka aka yi asarar rayuka masu yawa a kusa da Wara a Mayun 2021, sannan fiye da mutum 100 a Patigi a Yunin 2023, su kuma da dare suna dawowa daga biki.

Mai Safiyon Ruwa:
Allah ya jiƙansu. Kuma maganin wannan bai kai kuɗin yashe kilomita goma ba. Lokacin da tafki ya kai ƙarshen saukarsa, kututturan na fitowa fili. A bi hanyoyin kasuwa da zarto a yanke su daga gindi, wanda ya gagara a kafa masa doguwar alama. A ja wa kowane jirgi layin fenti a jiki, a bar aƙalla santimita 30 zuwa 40 tsakanin ruwa da baki, in layin ya nutse ba ya tashi. A rubuta sunayen fasinja a mashaya. Dokar NIWA ta riga ta hana tafiya daga shida na yamma zuwa shida na safe.

Ɗan Yawuri:
Dokar na nan, Yallaɓai, mai tsayawa a mashaya ne babu. Ma'aikaci daga Lakwaja ba zai tsare mashaya ɗari ba. A ba sarkin ruwa da shugaban masu fito na kowace mashaya ikon hana jirgi tashi, a ajiye rigunan ruwa a hannunsu, ana bayarwa a nan ana karɓa a can gaɓar, da ƙanana na yara, don rigar babba zamewa take daga jikin yaro. Sarkawa da Gungawa sun san inda kowane tsohon gari da kurminsa ke kwance a ƙarƙashin tafkin. Da su za a zana taswirar kututturan, kuma a yi ta kafin ruwan Agusta ya sake rufe su.